Sa Hannun Kawu

Shafi na 19

Masu cewa na bar ku a rataye jiya, ku yafe ni, wayata ce ta ƙi caji. Ku gyara zama, yau a ofis za mu wuni.

*

Ƙarfe uku saura kwata Dokta ta sake tsayawa gaban teburin Sakatariya, karo na uku tun safe.

"Ya sa hannun?"

Sakatariya ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da jera takardun da ta riga ta jera.

"Auta..."

A duk cibiyar binciken nan mutum biyu ne ke kiranta da sunan gida. Akwai wannan dattijuwar, tsohuwar ƙawar mahaifiyarta, sai kuma shugaban cibiyar da ke bayan waccan ƙofar, Farfesa a bakin kowa, Kawu a bakinta. Yayan Mama ne, ciki ɗaya.

"Anti, ya sa ko bai sa ba?"

"Fom ɗin yana nan inda kika ajiye shi kwana tara da suka wuce. Har kofin shayi ya ɗora a kai."

Dokta ta dubi agogon bango. Ƙarfe huɗu daidai shafin intanet na gidauniyar da take neman tallafinta zai rufe, kuma shafin ba ya jin magiya, bai san 'yar wane ba.

Gidauniya ce ta ƙasa da ƙasa, mai ɗaukar nauyin bincike a kan halittu masu rai har shekara uku. Sharaɗinta mai tsauri ne: mutum uku daga ƙasa uku, kowa da fanninsa daban. Ita Dokta ta san cikin sauro fiye da cikin jakarta. Ta samo wata mai lissafi a wata nahiyar, ta samo wani injiniya mai ƙera kyamarar da ke ganin abin da ido ba ya gani a wata. Tawaga ɗari takwas suka nema, aka tace aka bar sittin, tasu na ciki. Sauran biyun tuni shugabanninsu suka sa musu hannu. Ita ce jagora, ita ce kuma ta rage. Ga shi wannan ce damarta ta ƙarshe, don gidauniyar ba ta karɓar jagoran da ya wuce shekara goma da gama digirinsa, ita kuwa wata mai zuwa za ta cika.

Wayarta ta yi ƙara. Mai Lissafi ce. Ta fita baranda ta ɗauka.

"Ki ce min an sa hannu," in ji matar, cikin Turancinta mai gudu.

"Saura kaɗan."

"To ki saurare ni, ki kuma zauna idan da kujera kusa. Tsohuwar maƙalar shugabanku, wadda muka ɗora komai a kanta. Na zuba lambobinta a kwamfuta don in gwada lissafina."

"Sai me?"

"Keji goma sha biyu na sauro, ko? Shida an ba su ƙwayar da ke hana su ɗaukar cutar zazzaɓi, shida ba a ba su ba. To keji na huɗu, lambobin keji na biyu ne sak. Na bakwai su ne dai, an juya su daga ƙasa zuwa sama. Na sha ɗaya kuma an ƙara ɗaya a kan kowace."

Dokta ta dafa ƙarfen baranda.

"Ƙila kuskuren masu bugawa ne."

"Masu bugawa ba sa kuskure da tsari haka. Ko dai sauronku sun iya satar amsa, ko wani ya cika gurbi. Kuma wanda ya cika ya san abin da yake yi, keji mafi kyawun sakamako ya kwafa."

"Kin gaya wa Injiniya?"

"Ke na fara kira. Aikinmu bai mutu ba, za mu iya cewa daga tushe za mu sake gwadawa. Amma ba zan sa sunana a kan abin da ban yarda da shi ba. Ki nemo littafin da aka rubuta lambobin tun asali, ki gani da idonki."

Ta kashe wayar, ta koma ciki. Sakatariya ta miƙe da sauri.

"Ya ce kada kowa ya shiga."

"Ni ba kowa ba ce, Anti."

Ta murɗa ƙofar ba tare da ƙwanƙwasawa ba.

Farfesa yana zaune bayan faffaɗan teburinsa, tabarau a ƙarshen hanci. A bango bayansa ga lambar yabon da maƙalar ta jawo masa shekara ashirin da takwas da suka wuce, an goge gilashinta sai ƙyalli take.

"Yanzu haka ake shiga ofishin shugaba?"

"Ranka ya daɗe, saura awa ɗaya."

"Na iya duba agogo."

"To me na yi?"

Ya ɗauke kofin daga kan fom ɗin, ya dubi zoben da shayi ya bari a jikin takardar.

"Cibiyar nan ba ta shirya wa irin wannan aiki ba. Wuta ba ta tsayawa."

"A cikin tallafin akwai na'urar hasken rana. Shafi na tara."

"Baƙi za su zo su kwashe samfuranmu su tafi."

"Lauyan cibiya ya duba yarjejeniyar. Kai ka tura ni wurinsa."

"Kuma babu sunana ko'ina."

"Kai ka ce in cire, ka ce lokacin yara ne."

Ya cire tabaran ya murza idanunsa.

"Auta, ki bari sai baɗi."

"Babu baɗi, ka sani. Kai ka saya min littafin kimiyya na farko. Kai ka raka ni filin jirgi ranar da zan tafi karatu. Yau kuma biro ya yi maka nauyi?"

"Ki iya bakinki."

Ta ja numfashi.

"Kawu, me ya faru da keji na huɗu?"

Hannunsa ya tsaya cak a kan tabaran.

"Da na bakwai. Da na sha ɗaya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya miƙe a hankali, ya wuce ta, ya murza makulli a ƙofar.

"Wa ya gaya miki?"

Har ga Allah ta so ya daka mata tsawa, ya ce ƙarya ne, ya kore ta waje.

"Ashe gaskiya ne."

"Na ce wa ya gaya miki?"

"Mai Lissafi. Rabin awa ya ishe ta."

Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Shekara ashirin da takwas manyan masana suna karantawa, ba wanda ya ƙirga. Tun ranar da kika ce min kin ɗauko mai lissafi na daina barci."

"Shi ya sa ka ƙi sa hannu."

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Ki zauna, Auta, don Allah."

Ba ta taɓa jin ya haɗa ta da Allah ba. Ta zauna a bakin kujera.

Ya buɗe durowar ƙasa, ya zaro wani tsohon littafi mai baƙin bango, gefensa ya yi ja don tsufa. Ya ajiye a gabanta, ya buɗe tsakiya, ya juyo mata shi.

"Duba rubutun. Nawa ne?"

Ta sunkuya. Lambobi ne a jere, ƙanana, a tsaftace, kowace bakwai da ɗan layi a ƙugunta, kowace huɗu a buɗe ta sama. Ta san wannan hannun. Shi ne a bayan hotunanta na yarinta, shi ne a littafin awon kaya na shagon ɗinki.

"Mama..."

"Kin san ta yi aiki a nan kafin ta koma ɗinki."

"Ta ce warin magunguna ne ya dame ta."

"Ita ce mai kula da ɗakin sauro. Ita ke ba su ruwan sukari, ita ke ƙirga. A tsakiyar gwajin kika kwanta. Shekararki tara. Zazzaɓin ya hau miki kai, kwana goma sha ɗaya ba ki san wanda ke kanki ba. Babanki yana wurin aiki a nesa. Ta bar komai ta tare a asibiti."

Dokta ta tuna farin silin, da ɗacin baki, da hannun Mama a goshinta. Iyakar abin da ta riƙe ke nan.

"Da ta dawo, keji uku sun mutu ƙurmus. Ƙishi ya kashe su. Aikin shekara biyu, kuma masu ba da tallafi na jiran rahoto. Ta ji tsoro. Ta cika gurbin."

"Kai kuma?"

"Ban sani ba sai bayan an buga. Ta zo ta durƙusa a nan, inda ƙafarki take, tana kuka. Me kike so in yi? In rubuta wa duniya cewa ƙanwata maƙaryaciya ce? Na sallame ta a hankali, na saya mata keken ɗinki, na rufe bakina."

"Ka kuma rataye lambar yabo."

"Auta!"

"Don ita ka yi shiru, ko don wannan kujerar?"

Ya dubi hannuwansa.

"Da farko don ita. Daga baya ban san don wa ba."

Ta miƙe. Muryarta ta fito a daidai.

"Shekara shida, Kawu. Shekara shida ina maimaita gwajin nan. Kai ka rubuta ƙwayar na hana sauro takwas cikin goma ɗaukar cutar, ni kullum huɗu nake samu, in na yi sa'a biyar. Na zo nan sau nawa da takarduna? Me kake ce min?"

Ya kawar da kai.

"Ka ce hannuna bai faɗa ba tukuna. Ka ce in ƙara wanke kwalabe. Ka taɓa ce min a gaban ɗalibaina ƙila saurona ragwaye ne, aka yi ta dariya, har da ni. Na canja ruwa, na canja keji, na sallami ma'aikaciyar da ba ta yi laifin komai ba. Akwai shekarar da na rubuta takardar barin aiki, don na yarda ni ce ban iya ba. Kana kallona."

"Ina kallonki."

"Ashe huɗuna ce gaskiya."

"Huɗu ma ba kaɗan ba ne," ya ce a hankali. "Huɗu cikin goma rayuka ne masu yawa. Da a lokacin na san haka..."

"To sa hannu."

"Kin karanta sharaɗi na ƙarshe? Duk bayanan da aka dogara da su sai an buɗe wa kowa. Za su nemi littafin nan. Sunan wa ke bangonsa?"

Ta juya littafin. Sunan Mama ne, cikakke, da jan biro.

"Ni na tsufa," ya ce. "A karɓe lambar, a karɓe kujerar, saura me? Amma ita tana da hawan jini. Tana da surukai, tana da jikoki masu riƙe da waya. Jarida ba za ta rubuta cewa 'yarta ce ta kwanta ba. Za ta rubuta ma'aikaciya ta ƙirƙiri sakamako, ta sa hotonta."

Agogon tebur ya nuna uku da minti ashirin da biyar.

Ya jawo fom ɗin, ya zare biro daga aljihun gaba. Ya sa hannu, ya buga hatimi, ya tura mata.

"Ga shi. Kada ki ce ni na tare miki hanya. Abin da ya rage tsakaninki da uwarki ne."

Ta ɗauki fom ɗin. Ta miƙa hannu ga littafin, ya ɗora tafinsa a kai.

"Wannan a nan yake kwana."

Ta buɗe ƙofar da kanta ta fita. Sakatariya na tsaye dab da ƙofar, waya a hannu, idanunta sun yi ja. Dokta ba ta tsaya ba.

Matakala hawa biyu ta sauka da gudu, ta bi doguwar barandar da ke wuce ɗakin sauro, inda ɗumi da warin ruwan sukari ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ofishinta ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera biyu, da firij ɗin samfura mai gurnani. Ta ɗora fom ɗin a na'urar ɗaukar hoton takardu. Na'urar ta yi tari, ta haɗiye takardar, ta tsaya.

"Ba yau ba. Don girman Allah ba yau ba."

Ta buɗe murfin, ta zaro takardar a hankali kada ta yage, ta shimfiɗa ta a tebur ta ɗauka da waya. Hoton farko ya yi duhu. Na biyu inuwar hannunta ta rufe hatimin. Na uku ya fito, har da zoben shayin.

Uku da minti arba'in da huɗu.

Ta tura hoton cikin kwamfuta, ta ɗora shi a shafin gidauniyar. Ɗan layin shuɗi ya fara rarrafe. Ya kai rabi ya tsaya yana tunani. Ta dunƙule hannu ta sa a baki. Ya motsa. Ya cika.

Wayar ta sake ƙara. Ta sa ta a lasifika ta ajiye.

"Na ga fom ya shiga!" in ji Mai Lissafi. "Injiniya yana ta turo min hoton tafi. Kin ga littafin?"

"Na gani."

"To?"

"Kin yi daidai."

Matar ta sassauta murya.

"Na so a ce ban yi ba. To ki duba shafi na ƙarshe, akwai tambaya kafin maɓallin aikawa. Jagora kaɗai ke amsa ta."

Dokta ta gangara ƙasa. Ga ta nan, layi biyu. Shin kin san wani dalili da zai sa a yi shakkar bayanan da wannan aiki ya dogara da su? E ko a'a. Idan e ne, a yi bayani, a kuma ambaci wanda ya tattara bayanan.

Ta karanta sau biyu.

"Idan kika ce a'a, ni zan janye," in ji Mai Lissafi. "Ba barazana ba ce, ina sonki, amma ba zan iya ba. Idan na janye kuma babu tawaga. Idan kika ce e, ƙila su yaba, ƙila su watsar da mu. Wa ya tattara lambobin? Yana raye?"

Dokta ta ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar.

"Tana raye."

"Kin san ta?"

Kafin ta amsa aka turo ƙofar.

Mama ce. Tef ɗin awo na rataye a wuyanta, zare ja ya maƙale a hannun rigarta, takalmanta ma ba iri ɗaya ba ne. Tana haki, ta dafa bango. A bayanta Sakatariya ce, ta kasa haɗa ido da kowa.

"Mama, me kike yi a nan? Jininki..."

"Antinki ta kira ni tun da ya kulle ƙofa. Ta ce ta jiyo ya fito da littafin."

Dokta ta danne lasifikar da sauri, ta miƙe.

"Ki zauna tukuna. Na ji komai. Ban ga laifinki ba, wallahi ban gani ba. Ni ce na kwanta, saboda ni ne..."

"Me ya ce miki?"

"Ya ce kin dawo kin tarar sun mutu, kika ji tsoro, kika cika."

"Shi kuma fa?"

"Ya ce bai sani ba sai bayan an buga."

Mama ta juya ta dubi Sakatariya. Sakatariya ta sunkuyar da kai, ta share ido da gefen mayafi. Mama ta saki bangon ta tako har gaban tebur. Ba ta zauna ba.

"Auta, ke da kika yi karatun, gaya min. Mai ƙirga sauro tana sanin wane keji aka ba ƙwaya, wane ba a ba ba?"

"A'a. Ana ɓoye mata, don kada..."

Ta ware ido a kan Mama.

"To ta yaya na san wanda zan kwafa?"

Firij ɗin ya yi gurnani ya yi shiru. A kusurwar kwamfutar lambobi suka canja, uku da minti hamsin da biyar.

"Hannuna ne ya rubuta, ban taɓa musu ba," in ji Mama. "Amma ranar da na dawo na je na gaya masa sun mutu, tun kafin in ajiye jakata. Shi ya kulle ƙofa. Shi ya miƙo min biro. Yana tsaye a kaina yana karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa ina kuka. Antinki tana nan, ita ta kawo masa makullin ɗakin."

"Ni na kawo," Sakatariya ta ce da ƙyar.

"Shekara ashirin da takwas na yi shiru don yayana ne, don kuma ya riƙe min ke. Yau ya ɗauki kayan ya ɗora min ni kaɗai, a gaban 'yata?"

Daga ƙarshen baranda aka jiyo takun takalmi, mai nauyi, mai sauri. Duk cibiyar ta san wannan takun.

Mama ta tura ƙofar da ƙafa, ta jingina bayanta da ita, ta nuna kwamfutar da yatsa.

"Rubuta sunana. Ki bar wuri a ƙasansa, akwai na biyu."

Aka murɗa hannun ƙofar daga waje.

"Auta," in ji Kawu. "Buɗe."